Shekarun Tsoho Nawa Ne? Tarihin Ƙidayar Dattawa a Ƙasarmu

Kafin ka ci gaba da karatu, tashi ka je wurin mahaifinka ko kakarka. Ka roƙe su su nuna maka katinsu na ɗan ƙasa. Dubi wurin da aka rubuta ranar haihuwa. Sau da yawa ba za ka ga rana ba, ba za ka ga wata ba. Abin da za ka gani kalmomi biyu ne na Faransanci, "né vers", sa'an nan shekara. Ma'anarsu ita ce: an haife shi wajen shekara kaza. Wanda ya rubuta bai sani ba. Wanda aka rubuta wa ma bai sani ba. An dubi furfurarsa ne aka yi kintace.

Kana iya cewa, to mene ne a ciki? Tsoho ya san shi tsoho ne, ko da takarda ko babu. Gaskiya ne. Amma magani ba ya zuwa likitar garinku sai bisa lissafi. In ba a san tsofaffi nawa ke Madawa da Buza da Kaita ba, ba a kuma san ciwon da ya fi damunsu ba, yaya za a san yawan maganin hawan jini da za a aiko? Yaya za a san yawan masu jiran aikin ido? Uwargida ba ta auna tsaba sai ta san bakin da za su ci. Wanda ba a ƙidaya ba, babu rabonsa a tukunya.

Ƙidayar tsofaffi da binciken lafiyarsu sana'a ce, kamar ƙira ko saƙa. Koyonta ake yi, shekara da shekaru. Bari ka ji tarihinta, da yadda ta iso ƙasarmu.

Ƙidayar lanho

Kakanninmu sun san ƙidaya tun zamanin Nasara, amma ba su so ta ba. A shekarar 1922 Faransa ta mai da Nijar ƙasar mulkinta sosai, a 1926 kuma ta ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. A lokacin nan kumandan kan fita rangadi da tafinta da gardawa. In ya sauka gari, sai mai gari ya tara jama'a. Kowane mai gida ya faɗi mutanen gidansa, malamin kumandan ya rubuta.

Wannan ƙidaya ba don lafiyar kowa aka yi ta ba. Don abu uku aka yi ta: lanho, da ɗibar soja, da aikin dole. Aikin dole bai ƙare ba sai 1946. Saboda haka duk wanda sunansa ya shiga littafi ya san nauyi ya hau kansa. Ƙananan yara ba sa biyan lanho. Tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, ba su da abin hannu, su ma akan ɗauke musu. To ka ga dalilin da ya sa uba zai rage wa ɗansa shekaru, dattijo kuma ya ƙara wa kansa. Wasu sukan ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu ko cikin daji. Wasu, da yake iyaka ba ta da nisa da mu, sukan tsallaka ƙasar Ingilishi har rangadi ya wuce.

Ba wanda zai ga laifinsu. Amma abu biyu suka biyo baya. Na ɗaya, littattafan ƙidayar nan ba su faɗi gaskiyar shekarun mutane ba. Na biyu, tsoron mai littafi ya zauna a zukatan jama'a, har bayan Nasara ya tafi.

Inda sana'ar ta samo asali

A lokacin da ake wannan ƙidaya a nan, a wasu ƙasashe an daɗe da gano cewa lissafin mutane yana da wani amfani dabam. Bari mu leƙa can kaɗan, mu dawo.

A birnin Landan na Ingila an yi wani ɗan koli mai suna John Graunt. Ba likita ba ne. A zamaninsa, kowane mako akan buga takardar waɗanda suka mutu a birnin, da abin da ya kashe su. Mutane su karanta su jefar. Shi kuwa ya tara takardun shekaru masu yawa, ya zauna ya yi ta lissafi. A 1662 ya fitar da littafi. Ya nuna cewa wasu cututtuka kusan adadi ɗaya suke kashewa kowace shekara, wasu kuwa zuwa suke yi su tafi kamar fari. Ya kuma nuna cewa mutuwa ta fi yawa cikin ƙananan yara.

A 1693 wani masani, Edmond Halley, ya ɗauki littattafan haihuwa da mutuwa na birnin Breslau, wanda yanzu yake cikin ƙasar Polan. Ya tsara jadawali. Jadawalin ya nuna, cikin mutanen da aka haifa, nawa ke kai shekara 10, nawa ke kai 40, nawa ke kai 70. Har gobe masu binciken tsufa da irin wannan jadawali suke aiki.

Lura da abu ɗaya. Waɗannan mutane sun iya aikinsu ne don an riga an rubuta haihuwa da mutuwa. A ƙauyukanmu kuwa babu irin wannan littafi. Sai da aka nemo wasu dabaru, aka kuma koyar da ƴan ƙasa.

Makarantun masu ƙidaya

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta, 1960. Sabuwar gwamnati tana son gina lakwal da likita da rijiyoyi. Amma a ina, kuma don mutum nawa? Wajen 1960 an yi wani bincike inda aka zaɓi wasu garuruwa aka ƙidaya, aka kintaci sauran. Turawa ne suka shugabanci aikin, don ƴan ƙasa masu wannan ilmi ba su da yawa.

Ba Nijar kaɗai ke da wannan matsala ba. Saboda haka aka buɗe makarantu don ƙasashen Afirka. A Abijan an kafa makarantar lissafi a 1961. A 1972, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe wata a Yawunde ta ƙasar Kamaru, ana kiranta IFORD. Aikinta koyar da ilmin lissafin jama'a ga ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Wanda ya gama jami'a yakan je can ya ƙara shekara biyu. A shekarar nan kuma aka buɗe irinta a Gana don masu Ingilishi. Ƴan Nijar sun je Yawunde da Abijan, sun koyo, sun dawo.

A 1977, zamanin Saini Kunce, aka yi babbar ƙidaya ta farko, gida gida, ƙasa duka. Aka sami mutum miliyan 5 da ƴan kai. A 1988 aka sake, aka sami fiye da miliyan 7. A 2001, miliyan 11. A watan Disamba na 2012, miliyan 17. A ƙidayar 2012 jihar Tawa ta haura miliyan 3. Ƙasar Madawa tana da fiye da rabin miliyan, Buza fiye da 400,000, Kaita fiye da 300,000. A 2004 kuma aka kafa ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, wadda ake kira INS, a Yamai. Ita ta gudanar da ƙidayar 2012.

Abin da ake koya musu

To me mutum yake koyo har shekara biyu, ban da ɗaya, biyu, uku? Ga kaɗan daga ciki.

Na farko, yadda ake gano shekarun wanda ba shi da takarda. Tsoho bai san shekarar Turawa ba, amma ya san abin da idonsa ya gani. Saboda haka kafin a fita ƙidaya akan tsara jerin manyan abubuwan da suka faru a yanki, kowane da shekararsa. Mai ƙidaya ba ya cewa, "Baba, shekarunka nawa?" Cewa yake yi, "Baba, lokacin abu kaza, kai kana kamar wane yaro a gidan nan?" A 1977 akwai sauran waɗanda aka haifa lokacin babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa da yawa ke kira Kakalaba. In tsohuwa ta ce, "Uwata ta ce a shekarar nan aka haife ni," sai a cire 1914 daga 1977. Shekarunta 63 ke nan.

Yankinmu yana da nasa alamomi. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi. A 1960 aka sami mulkin kai. A 1973 zuwa 1974 aka yi babban fari, dabbobi suka ƙare. Ran 15 ga Afrilu, 1974, soja suka karɓi mulki daga Jori Hamani. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, ƙasar Buza, don tare iska. A 1984 aka yi yunwar da ake kira El-Buhari, a shekarar kuma aka fara babban aikin raya ƙasa na Kaita, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu. In mace ta ce, "Ina goyon ɗan fari lokacin da Kunce ya hau," kuma ta haihu tana kamar shekara 17, to wajen 1957 aka haife ta. Ka ga an kusa gaskiya, ba a dubi furfura ba.

Na biyu, yadda ake gane kuskure. In ka tambayi mutane shekarunsu, yawancinsu za su ce 40, ko 50, ko 60, ko 65. Da wuya ka ji mai cewa 59 ko 62. Amma Allah bai ware wasu shekaru ya ce cikinsu kaɗai za a haihu ba. Lambobi goma ne, daga 0 zuwa 9. Biyu cikinsu su ne 0 da 5. Saboda haka cikin mutum 100, kamar 20 ne ya kamata shekarunsu su ƙare da 0 ko 5. In mai lissafi ya ga sun kai 50, ya san kintace ya yi yawa. Wani Ba'amurke, George Whipple, da sunansa ake kiran wannan ma'auni. Ana koya wa ɗalibai yadda za su auna kuskuren, su kuma gyara. Wannan kuskure ya fi yawa cikin tsofaffi, don an fi ƙara musu shekaru. Kowane gari yana da wanda ake cewa ya haura ɗari.

Na uku, yadda ake sanin yawan mutuwa inda ba a rubuta ta. Wani masani ɗan Birtaniya, William Brass, ya yi aikin lissafi a Afirka ta Gabas daga 1948 zuwa 1955. Ya ga babu littattafai. Sai shi da abokan aikinsa suka tsara tambayoyi masu sauƙi. A tambayi mace: "Ƴaƴa nawa kika haifa? Nawa ke raye?" A tambayi kowa: "Mahaifiyarka tana raye? Mahaifinka fa?" Kowa ya san amsar waɗannan. Daga amsoshin dubban mutane, mai ilmi yana iya fitar da yawan mutuwar yara da na manya. In mai ƙidaya ya yi maka irin wannan tambaya, ba don ya tayar maka da baƙin ciki ba ne.

Na huɗu, yadda ake zaɓe. Ba kullum ake iya shiga kowane gida ba. Dubi mai sayen albasa a kasuwar Galmi. Ba ya zazzage kowane buhu. Amma ba ya yarda da na bakin buhu kaɗai, don ya san nan ake jera manya. Yakan duba sama, ya duba tsakiya, ya duba ƙasa. Haka mai bincike. In ya tsaya kan tsofaffin da suka zo likita da ƙafarsu, ya ga na bakin buhu ne. Waɗanda ke kwance cikin ɗaka, a ƙauyen da mota ba ta zuwa, bai gan su ba. Saboda haka ake koya masa zaɓen garuruwa da gidaje ta hanyar ƙuri'a, don kada son rai ko nisan hanya ya yi masa zaɓe.

Na biyar, yadda ake karanta lamba. Ga misali. An ce wajen 1960 tsawon ran ɗan Nijar kamar shekara 35 ne, yanzu kuwa ya haura 60. Wanda bai koya ba zai ce, ashe da can ba a tsufa. Ba haka ba ne. Ɗauki yara biyu. Ɗaya ya rasu a shekarar da aka haife shi, ɗaya ya kai 70. Haɗa ka raba biyu, 35 ke nan. Mutuwar jarirai ce take jan lambar ƙasa. Dattawa kuwa tun da can akwai su.

Yara sun amfana, tsofaffi suna baya

Yanzu dubi abin da wannan ilmi ya yi wa yara. A 1992 aka yi babban binciken lafiyar iyali a Nijar. Aka sake a 1998, da 2006, da 2012. Na 1992 ya nuna cewa cikin yara 1,000, guda 318 suna mutuwa kafin su kai shekara 5. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Kowace uwa ta san nata rashi, amma ba wanda ya san jimlar sai da aka lissafa. Da lambar ta fito, ba mai iya kau da kai. Aka ƙarfafa rigakafi, aka raba gidan sauro, aka gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A 2006 gwamnati ta ce a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Lambar ta sauko zuwa 274 a 1998, zuwa 198 a 2006, zuwa 127 a 2012.

Amma su wa aka tambaya a binciken nan? Mata daga shekara 15 zuwa 49, da maza daga 15 zuwa 59, da lafiyar ƙananan yara. Kaka tana zaune a tsakar gida. An rubuta sunanta cikin mutanen gida, an rubuta shekarunta. Amma tambayoyin lafiya ba nata ba ne. Ba a tambaye ta idonta ba, ko gwiwarta, ko jirin da take ji in ta miƙe.

Akwai dalili. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Masu shekara 60 zuwa sama kamar 4 ne cikin 100. Amma 4 cikin 100 na miliyan 17 wajen mutum 700,000 ne. Sun fi dukan mutanen ƙasar Madawa yawa. Kuma yaran da aka ceto jiya su ne dattawan gobe. Kai ka san kuma irin nauyin da tsofaffi ke ɗauka a Adar. In rani ya yi, samari sun tafi bida Abijan ko Najeriya ko Libiya, su wa ke riƙe da gida da jikoki da dabbobi? In tsohon nan ya kwanta, gida duka ya kwanta.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Duniya ta fara waiwayar tsofaffi. A 1982 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro kan tsufa a birnin Biyana, ta sake kiran wani a Madrid a 2002. A 1990 ta sa 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi.

A Amurka an kafa ma'aikatar binciken tsufa a 1974. Ta ba da kuɗi an koyar da matasa masu ilmin lissafi yadda za su yi aiki kan lafiyar dattawa. A 1992 aka fara wani bincike a jami'ar Mishigan, inda ake bin mutum wajen 20,000 da suka haura shekara 50. Duk bayan shekara biyu a koma wa mutanen nan dai. Amfanin komawa shi ne a ga abin da ya riga wani. Talauci ne ya kawo ciwo, ko ciwo ne ya kawo talauci? Zuwa ɗaya ba ya nuna wannan.

A Afirka ma an taɓa. A 2003 zuwa 2004 malaman jami'ar Badun a Najeriya suka binciki dattawa fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa. Daga 2007 zuwa 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bincike kan masu shekara 50 zuwa sama a ƙasashe shida, har da Gana da Afirka ta Kudu. Ba tambaya kaɗai aka yi ba. An auna jininsu. An ba su wani ƙarfe su matse, a ga ƙarfin hannu. An sa su tafiyar mita 4, ana duba agogo. An gwada ganinsu. Aka tarar da mutane da yawa suna da hawan jini ba su sani ba. Wannan ciwo ba ya sallama. Sau da yawa sai ya shanye wa mutum ɓarin jiki kafin a gane shi, alhali akwai maganin da ke riƙe shi.

Irin wannan aiki yana son mutum mai abu biyu: ilmin lissafi, da sanin mutanen da yake lissafawa. Baƙo ba zai san cewa dattijuwa tana jin nauyin faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta ba. Ba zai san cewa in tsoho ya ce "da sauƙi", wataƙila bai runtsa ba daren jiya. Ɗan gida ne zai san yadda ake durƙusawa a gaisa kafin a buɗe littafi. Saboda haka ƙasarmu tana bukatar ƴaƴanta, maza da mata, su koyi wannan sana'a.

Naka aikin

Kada ka ce wannan maganar mutanen Yamai ce. Kai da ka iya karatu da rubutu, akwai abin da yake hannunka.

Sami littafi ɗaya ka ajiye a gida. Duk haihuwa, rubuta rana da wata da shekara. Duk rasuwa, rubuta, da irin ciwon da aka yi. In an haihu, je ka karɓo takardar haihuwa da wuri. A 2006 yara 32 ne cikin 100 aka rubuta haihuwarsu a Nijar. A 2012 sun kai 64. Jikanka bai kamata ya ɗauki "né vers" ba.

Zauna da dattawan garinku tun suna raye. Tambaye su shekarar fari, da shekarar ambaliya, da shekarar da aka naɗa wane, da shekarar da aka gina rijiya ko masallacin Juma'a. Jera su, na farko kafin na biyu. Nemi malamin lakwal ya taimake ka da shekarun Turawa. Ran da masu ƙidaya suka zo, ka miƙa musu.

In sun zo kuma, kada a manta da wadda ke kwance cikin ɗaka. Kada a ƙara wa tsoho shekaru, kada a rage. Kai mahaifanka likita a auna jininsu ko ba sa jin komai. In kana da yaro ko yarinya mai kan lissafi, kada ka cire shi daga lakwal.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Waɗanda suka goye mu sun cancanci a san yawansu, a san ciwonsu, a sa su cikin lissafi. Kai ma, in Allah ya ja kwana, can za ka. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya.